Audu Bako: Gwamnan da ya gwada da Bagauda kafin ya gina Tiga

An haifi marigayi Audu Bako a Kaduna a 1924. Mahaifinsa ɗan sanda ne, shi ma ya shiga aikin a 1942, ya yi ta hawa har ya kai muƙamin kwamishina. Da Janar Yakubu Gowon ya raba Najeriya zuwa jihohi 12 a watan Mayun 1967, shi aka damƙa wa sabuwar jihar Kano, wadda a lokacin ta haɗa da Jigawa ta yanzu.

Ya tarar da jiha mai ɗimbin jama'a da damina ta 'yan watanni, ga yaƙin basasa yana cinye kuɗin ƙasa. Sai ya sa ruwa a gaba.

Abin lura shi ne yadda ya tsara aikin. Bai faɗa wa babban dam kai tsaye ba. An fara gina ƙaramin dam na Bagauda, aka ja ruwansa zuwa gonar gwaji ta Kadawa, aka ga yadda ƙasar ke shan ruwa da yadda manoma ke karɓar noman alkama da rani. Ma'aikatan jihar ma a nan hannunsu ya faɗa. Bayan haka ne aka shiga aikin Tiga a kan Kogin Kano a 1971, aka kammala a 1974, daidai lokacin da fari ya addabi yankin Sahel. Dam ɗin na iya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2.

Matasan da ke aikin manhaja a yau za su gane wannan salo: a yi kaɗan, a gwada, a gyara, sannan a faɗaɗa. Sai a 2001 wasu masu rubuta manhaja suka taru a Amurka suka tsara ƙa'idojinsa, shekara 21 bayan rasuwarsa.

Amma salon na da wani sharaɗi, wato a riƙa jin ta bakin duk wanda aikin ya shafa, kuma a nan lissafin ya gaza. An auna gonar Kadawa, ba a auna fadamun da ke ƙasa ba. Kogin Kano ne ke zama Kogin Haɗeja, ya haɗu da na Jama'are, su zama Komadugu Yobe. Bayan Tiga, da kuma dam ɗin Challawa da aka gama a 1992, ambaliyar da ke jiƙa dausayin Haɗeja da Nguru ta ragu, masunta da makiyaya da masu noman shinkafa suka ji a jikinsu. Fari ma na da nasa kason laifin.

Juyin mulkin Yulin 1975 ya kawo ƙarshen mulkinsa, Sani Bello ya gaje shi. Ya rasu a 1980, ya bar gidan zu da sakatariyar da ke ɗauke da sunansa a Kano.

Komadugu kuwa na ci gaba da gangarawa gabas, ya raba iyakar Najeriya da Nijar, ya ratsa Diffa da Geskeru kafin ya kai Tafkin Chadi ta wajen Bosso. Manoman tattasai na can sun dogara ne galibi da ruwan Jama'are, reshen da har yau ba a kammala dam ɗin Kafin Zaki a kansa ba.