Labarin Shehu Busiri, Mai Burda

  

Ku sani, ya 'yan'uwana muridai, ni na hardace Burda tun ban san ma'anar kalma ɗaya a cikinta ba, sai da gemu ya fito mini kana na tambayi labarin wanda ya yi ta. Ga abin da na samu wurin malamaina.

Sunansa Sharafuddini Muhammadu ɗan Sa'idu, Basanhaje ne ga asali. An haife shi a ƙasar Masar shekara ta 608 ga Hijira. Ya hardace Alƙur'ani yana yaro, ya yi karatu a Alƙahira, hannunsa ya yi kyau ga rubutu har ya samu aikin magatakarda a garin Bilbaisa. Mutum ne mai iyali da yawa, mai ƙarancin abin hannu, mai kaifin harshe. Ya yabi wazirai don su ba shi, ya yi zambo ga ma'aikatan haraji masu cin dukiyar talakawa, ya yi waƙa yana kukan talauci. Ba aibin Shehu nake faɗi ba, Allah ya kiyashe ni. Na faɗa ne saboda muridin da neman abinci ya sha kansa har yana tsammanin an rufe masa ƙofa.

Sa'an nan Allah ya haɗa shi da Shehu Abul Abbasi Almursi, halifan Shehu Abul Hasani Shazali, ya kama hannunsa a Iskandariyya. Daga nan harshen da ke yabon masu sarauta ya karkata ga yabon Fiyayyen Halitta.

An ruwaito ciwo ya kama shi, rabin jikinsa ya shanye. Yana kwance ya tsara ƙasidar nan, baiti 160, kowane baiti ya ƙare da harafin mimun, yana maimaita ta yana kuka, yana kamun ƙafa da Manzo. Barci ya ɗauke shi, ya ga Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya shafe shi da hannunsa mai albarka, ya yafa masa mayafinsa. Ya farka ya miƙe da ƙafafunsa. Mayafin nan shi ne burda. Labari ya kai ga waziri Baha'uddini ɗan Hanna, aka ce ba ya sauraron ta sai a tsaye, ba takalmi, ba rawani. Ku duba fa, wazirin da Shehu ke zuwa ƙofarsa da yabo, shi ne ya tsaya ƙafa huntu ga waƙar da ba don shi aka yi ta ba.

Shehu kuma ya yi Hamziyya, wadda ta haura baiti 450, ita ma muna karanta ta ga Mauludi.

Burda ta ƙetare har ƙasar Ingilishi. Wani Bature masanin harsuna, Redhouse sunansa, ya juya ta zuwa Turanci, aka buga shekara ta 1881 ta Miladiyya, tare da Burdar Ka'abu ɗan Zuhairu, sahabin da aka yafa wa mayafi ido biyu. Bayansa wasu sun yi, har da musulmin can. Jikana ya karanta mini wata, yana mayar mini da Hausa. Na iske ma'ana ta iso, ban ƙi ta ba, gama wanda bai ji Larabci ba ta ishe shi sanin abin da bakinsa ke faɗi. Amma mimun ɗin nan da ke rufe leɓɓa ƙarshen kowane baiti babu shi, karin Basiɗi da muke rausaya da shi babu shi. Na ce masa ya riƙa duba Turancin da rana, da dare kuwa ya zo zaure ya zauna cikin sahu ya rera da mu.

Shehu ya rasu wajen shekara ta 695 ga Hijira. Kabarinsa na Iskandariyya, kusa da masallacin shehinsa Almursi, mutane na ziyararsa har yau. Allah ya yarda da shi, ya amfane mu da albarkarsa, amin.