Sarkin Haɗejiya Buhari: Hali ne, lissafi ne, ko zamani ne ya sa shi tawaye?

A tarihin Daular Sakkwato, sunansa na cikin jerin manyan 'yan tawaye. A Haɗejiya kuwa, har yau akwai masu ambatonsa a matsayin gwarzon da ya hana a taka masarautarsa. Shi ne Buhari ɗan Sambo, wanda ya hau gadon sarautar Haɗejiya a 1848 ya kuma rasu a fagen yaƙi a 1863.

An zarge shi da kisan ɗan'uwansa, da bijire wa Sarkin Musulmi, da kai hare-hare kan maƙwabtansa Musulmi. Me ya kai ɗan gidan masu tutar jihadi ga haka? Irin wannan tambayar ce masana halayyar masu laifi suka shafe fiye da shekara 250 suna jayayya a kanta, kuma rayuwar Buhari ta isa a gwada amsoshinsu.

Gidan da ya fito

Kafin jihadi, ƙasar Haɗejiya ƙananan sarautu ce, irin su Auyo da Garun Gabas da Haɗejiya kanta, waɗanda ke biyayya ga Borno. Bayan da Fulanin yankin suka karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Sambo, mahaifin Buhari, ya zama sarki a 1808, ya haɗe waɗannan ƙasashe wuri guda, ya yi mulki har zuwa 1845.

Masarautar tana bakin iyaka. Sakkwato na can yamma, tafiyar fiye da kilomita 500, Borno kuwa tana nan kusa ta gabas. Fadamar Kogin Haɗejiya na ba da abinci da kifi da makiyaya, da damina kuma ruwa kan malale ya datse hanyoyi, abin da ke wahalar da duk rundunar da ta taso daga nesa.

Bayan Sambo, 'ya'yansa biyu, Garko da Abdulƙadir, suka yi sarauta ɗaya bayan ɗaya, kowannensu bai daɗe ba ya rasu. Cikin kimanin shekara uku kujerar ta sake zama babu kowa. Labaran baka na nuna cewa Ahmadu ne tsohon sarkin ya fi so, amma Buhari, wanda ke da mayaƙa a bayansa, shi ya haye.

Kisan Sarkin Auyo

Bai daɗe a kan mulki ba ya sa aka kashe Nalara, Sarkin Auyo, wanda ɗan'uwansa ne na jini, ana kuma ganin zai iya ja da shi a kan sarauta.

Labari ya kai ga Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Ya tura Waziri Abdulƙadir ɗan Giɗaɗo zuwa Katagum domin a kira Buhari ya yi bayani. Buhari bai miƙa wuya ba. A 1850 aka tuɓe shi, aka naɗa Ahmadu.

Da ya fita daga birnin bai watsar da mutanensa ba. Ya nemi goyon bayan Borno, wadda a lokacin Shehu Umar ke mulkinta, kuma dama akwai tsohuwar gaba tsakaninta da Sakkwato. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya ratsa daga Kano zuwa Kukawa a 1851, ya ambaci Buhari da fargabar da ake ciki a yankin saboda shi.

A shekarar ce Buhari ya dawo da ƙarfinsa, ya ƙwace Haɗejiya, aka kashe Ahmadu.

Gamon Gafur

Sakkwato ba ta iya kawar da kai ba. Aka haɗa runduna daga masarautu da dama, ciki har da mayaƙan Kano ƙarƙashin Galadima Abdullahi, wanda daga baya ya zama Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi. A Gafur, kusa da Haɗejiya, Buhari ya mamaye su, rundunar ta watse. Wannan karo shi ne mutanen Haɗejiya ke kira Gamon Gafur.

Daga nan har ƙarshen rayuwarsa ba wanda ya sake iya tuɓe shi. Ya ci Marma ya haɗe ta da ƙasarsa. Dakarunsa suka riƙa kai hari gabashin Kano da ƙasashen Katagum da sauran maƙwabta, suna kwashe dukiya da kama mutane bayi. Talakan ƙauye, wanda ba shi da hannu a rikicin 'ya'yan sarki, shi ya fi ɗanɗana kuɗarsa.

Aliyu Babba ya rasu a 1859 ba tare da ya ga bayan tawayen ba. A 1863 Buhari ya kai yaƙi Gogaram, birnin Badawa, a can ajali ya same shi. Ɗansa Umaru ya gaje shi, Haɗejiya kuma ta koma ƙarƙashin Sakkwato.

Masu cewa hali ne

Bayani mafi sauƙi shi ne a ce haka Allah Ya yi shi, hali zanen dutse. Marubuta irin su H.A.S. Johnston, wanda ya wallafa littafi kan Daular Sakkwato a 1967, sun zana shi a matsayin mutum mai tsananin buri da rashin tausayi.

Wannan ya yi kusa da ra'ayin likitan Italiya Cesare Lombroso, wanda a 1876 ya yi iƙirarin cewa akwai waɗanda da ɗabi'ar laifi aka haife su, har ana iya gane su ta siffar kai da fuska. Bincike ya rushe batun siffa tun tuni. A kan Buhari ma, ra'ayin na da giɓi: mutum ɗaya, komai zafin zuciyarsa, ba ya korar rundunar masarautu shi kaɗai. Dubban da suka tsaya masa fiye da shekara goma fa, su ma da halin aka haife su?

Masu cewa lissafi ne

Wani ɗan Italiya, Cesare Beccaria, ya rubuta tun a 1764 cewa mutum na auna riba da asara kafin ya aikata laifi, kuma tabbacin za a hukunta shi ya fi tsananin hukuncin hana shi.

A wannan ma'auni, Buhari ya yi lissafinsa daidai. Sakkwato ba ta da tsayayyar runduna da za ta girke a Haɗejiya, sai ta jira sarakuna su tara mata mayaƙa, kowanne da tasa damuwar a gida. Hukuncin tuɓewa ya yi tsauri, amma ba a bar ƙarfin da zai tsare shi ba. Cikin kimanin shekara guda ya warware.

Masu cewa zamani ne

Masana zamantakewa, tun daga Emile Durkheim na Faransa zuwa Robert Merton na Amurka, sun fi duba yanayin da mutum ya tsinci kansa. Merton ya bayyana a 1938 cewa idan al'umma ta kwaɗaitar da mutane wani buri, sannan ta toshe halastacciyar hanyar kai wa gare shi, wasu za su bi ta bayan gida.

Duk ɗan sarki ya tashi da burin sarauta, kujera kuwa ɗaya ce, kuma wanda ya rasa ta ba shi da tabbacin tsira da ransa. Ga kuma tattalin arzikin lokacin, wanda ganima da bayi ke cikin ginshiƙansa: sarkin da ba ya raba wa mayaƙa abin hannu, ba ya daɗewa da su.

Wa ke raɗa wa laifi suna?

Akwai kuma ra'ayin Howard Becker, wanda a 1963 ya nuna cewa mai iko ne ke yanke wanda za a kira mai laifi. Hausawa sun riga shi da cewa laifi tudu ne. Da Haɗejiya ta ɗore a matsayin ƙasa mai cin gashin kanta, wataƙila da littattafai sun kira Buhari wanda ya kafa daula. Sai dai wannan ra'ayin bai da abin da zai faɗa wa iyalin da aka raba da 'ya'yansu a hari.

Abin da ya rage mana

In aka jera su, lissafi da zamani sun fi hali bayyana yadda tawayen ya yi tsawon rai. Amma 'yan'uwansa sun rayu a zamani ɗaya da shi, ba kuma duka suka zaɓi hanyarsa ba, don haka alhakin abin da ya aikata na wuyansa.

Muhawarar ba ta tsufa ba. Duk lokacin da aka yi arangama tsakanin manoma da makiyaya a fadamun Guri ko Kirikasamma, ko aka tayar da zancen sulhu da 'yan bindiga a Zamfara da Katsina, bayanan nan ne ke dawowa: wani ya ce mugunta ce, wani ya ce rashin hukunci, wani ya ce talauci da ƙarancin ƙasa. Wanda hukuma ta ɗauka a ciki shi ke nuna ko soja za ta tura, ko alƙali, ko mai shata burtali. Sakkwato ta gwada hukunci, ta gwada yaƙi, ba wanda ya yi aiki, sai da mutuwa ta raba gardama a Gogaram.