Malam Abdullahin Gwandu: Malamin Da Kibiya Ta Kwantar, Ya Miƙe Da Ɗingishi

Yau za mu bar Matamaye da Kance mu yi yamma, mu wuce Maraɗi da Tsibiri, mu gangara gulbin Rima, domin mu kawo muku tarihin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, wanda aka fi sani da Abdullahin Gwandu. Da yawanmu mun saba jin sunansa a bakin malamai lokacin tafsirin azumi, amma ba kowa ya san cewa wannan malami ya taɓa kwanciya jinyar ƙafa a tsakiyar yaƙi ba, a daidai lokacin da jama'arsa ta fi bukatarsa a tsaye.

Mun san ƙasarmu ta Damagaram ba ta taɓa shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba, Barno take bi a wancan zamani. Mun kuma san a cikin masu karanta mu akwai jikokin Gobirawa da Katsinawan da wancan yaƙi ya taso daga gidajensu, har Ɗan Kasawa ya zo ya fake a Damagaram kafin ya koma ya zauna Maraɗi. Ba mun zo fama tsohon miki ba ne. Rayuwar mutum guda za mu duba, da yadda ya zauna da danginsa.

An haifi Malam Abdullahi wajejen shekarar 1766, wato Shehu ya girme shi da kamar shekara 12, domin shi Shehu an haife shi ne a 1754 a Maratta, wadda a yau take cikin ƙasarmu Nijar, kusa da Galmi a jahar Tawa. Gidansu gidan malamai ne na Fulani Toronkawa, kuma ita kanta kalmar Fodiyo malami take nufi da Fulatanci. A gaban mahaifinsa Muhammadu Fodiyo ya yi karatun Alƙur'ani, da ya kai shekara 13 sai aka danƙa shi a hannun wansa Usmanu. Tun daga ranar nan wa ya zama uba, ya zama malami. Inda Shehu ya sa ƙafa nan Abdullahi yake sa tasa, a zaure ne ko a kan hanya. Ya kuma yi karatu wurin kawunnansa da wasu malamai masu yawa, cikinsu har da Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda shi ma Shehu ya ɗauki karatu a wurinsa. Ya yi zurfi a Larabci ƙwarai, har ya zama in ana bukatar amsa a rubuce, ko a waƙe, shi ake miƙa wa alƙalami.

Ga wani abu da ya kamata iyayenmu mata na kasuwa su riƙe. A lokacin da suke yawon wa'azi wajejen 1786, wani malami mai suna Mustafa Goni ya aiko wa Shehu da suka, saboda mata suna halartar wa'azinsa. Shehu ya umurci Abdullahi ya ba da amsa. Amsar da ya bayar ita ce ba su yarda da cakuɗuwar maza da mata ba, amma barin mata cikin jahilci, ba su san abin da ya wajaba a kansu ba, shi ne ɓarna mafi girma. Yau sama da shekara 230 ke nan da wannan amsa, amma har yanzu akwai gidajen da ake cire yarinya daga lakkol a ɗora mata tallan goro.

A 1788 yana tare da wansa a Magami, wurin sallar layya, inda Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa ya yi musu kyauta. Shehu bai karɓi dukiyar ba, sai ya roƙi wasu abubuwa a madadinta, cikinsu har da a bar shi ya yi wa'azi, a saki ƴan kurkuku, a kuma sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince. Amma bayan rasuwarsa zama ya yi ta tsami tsakanin fadar Alƙalawa da jama'ar Ɗegel, a zamanin Nafata, ya kuma ƙara lalacewa a zamanin ɗansa Yunfa. A watan Fabrairu na 1804 Shehu da jama'arsa suka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu. Da aka tashi yi wa Shehu mubaya'a, Abdullahi ne ya fara miƙa hannu, sannan Muhammadu Bello ɗan Shehu.

Daga nan malamin zaure ya koma jagoran mayaƙa. Jama'a ta ci Matankari da Birnin Ƙonni, sa'an nan a watan Yuni na 1804 aka yi karon Tabkin Kwatto, inda Abdullahi ya jagoranci maharba masu ƙarancin dawaki suka karya rundunar Yunfa mai lifidi da barade. Wannan nasara ta sa suka ga kamar Alƙalawa ma ta kusa faɗuwa. Ba haka abin ya zama ba. Alƙalawa birni ne mai ganuwa, kuma Gobirawa ba baƙin yaƙi ba ne. Wajen ƙarshen shekarar aka kai wa birnin hari, aka kasa shiga, kuma a nan ne kibiya ta sami Malam Abdullahi a ƙafa. Yana da kamar shekara 38 a lokacin.

Kada mai karatu ya ɗauki harbin kibiya kamar sukar ƙaya. Kibiyar yaƙi tana da kunnuwa, shigarta sauƙi, fitarta sai an tsaga nama. Maharban wancan zamani kuma sukan shafa mata dafi, irin wanda ake haɗawa da kwankwani. Ba gidan likita, ba allura, ba maganin kashe zafi. Abin da ake da shi shi ne wanzami da askarsa, da saƙiya in wuri ya kumbura, da sassaƙe da saiwa, sai kuma haƙuri. Raunin ya kwantar da Malam Abdullahi har ya kasa tashi, kamar yadda shi da kansa ya ba da labari daga baya a littafinsa Tazyinul Waraƙati.

Abin da ya taimake shi shi ne ba a cikin baƙi ya kwanta ba. Hijirar Gudu ba ta mayaƙa kaɗai ba ce, gida-gida aka tashi, da tsofaffi da mata da yara da dabbobi da buhunan littattafai, duk inda aka yi sansani nan ne gari. Saboda haka a tsakiyar danginsa ya yi jinya, kusa da wansa da ya rene shi, a lokacin da shi ma Bello yake kwance ba lafiya. Duk wanda ya taɓa jinyar ƙafa a cikinmu ya san abin da wannan yake nufi. Ɗan kasuwar da kabu-kabu ya kayar a hanyar Ɗan Barto, aka kai shi wurin maɗori ko likita, ya san ba ɗaurin ne kaɗai ke warkar da shi ba. Akwai mai kawo masa ruwan alwala, akwai mai tallabe shi ya zagaya, akwai ƙanen da zai zauna masa a rumfa kada abokan ciniki su watse. Mai ciwon ƙafa da hannun wani yake tafiya. To, haka babban malami kuma jagoran yaƙi ya koma, a sansanin da abinci ma ya fara ƙaranci.

Yana cikin wannan hali, a watan Disamba na 1804, Gobirawa tare da Abzinawa suka auka wa jama'ar a Tsuntsuwa, kusa da Alƙalawa. Ba a taɓa yi musu ɓarna irin ta wannan rana ba. An ƙiyasta mutum 2,000 suka mutu, cikinsu 200 mahaddata Alƙur'ani ne. Abdullahi bai halarci farkon karon ba saboda ƙafar. Amma da labari ya iso sansani, sai ya miƙe yana ɗingishi, ya tari masu gudu, ya tattara waɗanda suka yarda su bi shi, suka koma suka kori abokan gaba daga kan waɗanda suka rage. A ganinmu wannan ita ce ranar da ta fi nuna ko wane ne shi, fiye da ranar Kwatto. A Kwatto da ƙafa biyu ya tsaya kuma nasara ce. A Tsuntsuwa da ƙafa ɗaya ya fita, abin da ya tarar kuma gawawwakin abokan karatunsa ne.

Bayan haka yunwa ta kori jama'ar zuwa Zamfara, suka yi sansani a Sabon Gari. Ƙafa ta yi sauƙi, kuma ba a yi wata biyar da Tsuntsuwa ba sai ga shi a kan gaba tare da Aliyu Jeɗo sun nufi Kabi. A watan Afrilu na 1805 suka ci Birnin Kabi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice. Wannan ne ya ba jama'ar damar komawa Gwandu da zama. A ƙarshen shekarar suka sake shan kashi a Alwasa, har abokan gaba suka biyo su ƙofar Gwandu, kafin a iya mayar da su.

Sai dai akwai ciwon da ya fi na kibiya, kuma shi ne ya kusa raba shi da kowa. A 1807, ana kan hanyar sake kai wa Alƙalawa hari, Malam Abdullahi ya duba ya ga mafi yawan mutanen kirkin da aka fara tafiyar da su sun mutu, waɗanda suka rage kuma da yawansu hankalinsu ya koma kan ganima da sarauta da dawaki da manyan riguna. Ransa ya ɓaci. Ya sulale daga rundunar da mutane kaɗan, ya yi gabas da niyyar tafiya Makka, ba da niyyar dawowa ba. Da ya iso Kano, mutanen birnin suka riƙe shi, suka roƙe shi ya koya musu yadda ake mulki bisa shari'a. A nan ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, ya kuma karantar da tafsiri. Daga ƙarshe ya fasa tafiyar, ya juya ya koma wurin wansa. Alƙalawa ta faɗi a 1808 a hannun rundunar Bello, Yunfa ya mutu a wurin.

Ƴan kasuwa su lura, rubuce-rubucen wannan malami ba a kan salla da azumi suka tsaya ba. Ya yi rubutu a kan hukuncin saye da sayarwa, da aikin mai sa ido a kasuwa domin kada a tauye mudu ko a yi algus, da kuma iyakar abin da mai mulki zai karɓa daga hannun talaka. Mutum ne mai tsauri a wannan fanni, kuma tsaurin nasa bai bar na gida ba, domin akwai mas'alolin da ya saɓa wa Shehu kansa a rubuce, Shehu kuma ya ba shi amsa a rubuce, ba tare da zumunci ya taɓu ba.

A 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa biyu: gabas a hannun Bello, yamma a hannun Abdullahi, wanda ya zauna Boɗinga. Rabon nasa ne ya miƙa har bakin kogin Kwara, shi ya sa garuruwa irin su Sayi, a ƙasarmu ta yau, suka kasance suna bin Gwandu.

Shehu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1817. Abdullahi, wanda shi ne wazirinsa tun farko, ya taso daga Boɗinga, ya tarar an riga an yi wa Bello mubaya'a, an kuma rufe ƙofar gari. Ku duba wannan al'amari: mutumin da ya fara miƙa hannu a Gudu, ya zubar da jininsa a Alƙalawa, yau ga shi a bayan ganuwa, ɗan wansa yana ciki. Bai ja daga ba, bai tara mayaƙa ba. Ya juya ya tafi Gwandu, aka shiga shekaru na zaman doya da manja, kowannensu ya rubuta hujjarsa a kan wanda ya cancanci shugabanci.

Abin da ya gyara tsakaninsu wata wahala ce ta sake samun baffan. Bayan an murƙushe tawayen Abdussalami a Kware a 1818, sauran mutanensa suka taru a Kalambaina, kusa da Gwandu, suka ƙi bin Abdullahi, shi kuma ƙarfinsa bai kai ya ci su shi kaɗai ba. Wajejen 1820 Bello ya taso da runduna daga Sakkwato ya zo taimakon baffansa, aka ci garin. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma Bello bai aiko da takarda ba, da kansa ya zo. Masu tarihi sun kawo cewa da suka haɗu bayan yaƙin, Bello ya yi haramar sauka daga doki domin girmama baffansa, sai Abdullahi ya yi masa alama ya zauna, shi ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Ya kuma amince da Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u, a matsayin waziri. Daga ranar Gwandu da Sakkwato suka zauna lafiya, kowa da ɓangarensa.

Bayan Kalambaina Malam Abdullahi ya sakar wa ɗansa Muhammadu da ɗan wansa Buhari yawancin harkar mulki da yaƙi, ya koma inda zuciyarsa take tun farko, wato karantarwa da rubutu. Babban tafsirinsa Liya'ut Tawili, da ƙaraminsa Kifayatu Du'afa'is Sudan wanda ya sauƙaƙa saboda masu ƙaramin karatu, har yau ana buga su ana karanta su a zaurukan Nijar da Nijeriya.

Ya rasu a Gwandu a shekarar 1245 ta Hijira, wato 1829, yana da shekara sittin da ƴan kai. Ɗansa Muhammadu ya gaje shi, bayansa kuma wani ɗan nasa, Halilu, wanda Bature matafiyi Barth ya tarar a kan gadon a 1853, ƴan watanni bayan ya bar Zinder. A zamanin Turawa aka mayar da fadar masarautar Birnin Kabi, inda gidan sarki yake ɗauke da sunan Abdullahi Fodiyo. Kabarinsa kuwa yana nan a garin Gwandu, ana kai masa ziyara. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan dukan waɗanda suka kwanta a wancan yaƙi, na kowane ɓangare.