Francis Bebey (1929-2001): Makaɗin da Ya Ɗora Kiɗa a Kan Harshe

Duk wanda ya tashi a Ɗan Barto ko Matamaye ya san kalangu yana magana. Makaɗi kan matse tsirkiya ya sassauta, sai ganga ta bi hawa da saukar muryar Bahaushe har mai kirari ya gane da shi ake. Wannan dangantaka ta karin sauti da kiɗa ita ce Francis Bebey ya shafe rayuwarsa yana bibiya.

An haife shi a Duwala ta ƙasar Kamaru a shekarar 1929. Mahaifinsa limamin coci ne, don haka da waƙoƙin ibada irin na Turai ya fara buɗe kunne. Harshensa na gado kuwa, wato Duwala, mai karin sauti ne kamar Hausa. Ya yi karatu a Faransa da Amurka, ya yi aikin rediyo, sannan ya shiga hukumar UNESCO a Paris a 1961, inda daga baya ya shugabanci sashen kiɗa.

Da alƙalami ya fara yin suna. Littafinsa na ƙagaggen labari, Le Fils d'Agatha Moudio, ya fito a 1967, kuma ya ci babbar kyautar adabin baƙar fatar Afirka a 1968. A 1969 ya wallafa Musique de l'Afrique, inda ya nuna cewa a al'ummomin Afirka da dama waƙa daga magana take tsirowa, kuma kayan kiɗa muryar mutum suke kwaikwayo.

A 1974 ya ajiye aikin ofis ya rungumi kiɗa kacokan. Da ma ya goge a jita, wadda yake kaɗawa shi kaɗai a zauren masu sauraro. Sai ya mayar da wani ɗaki na gidansa wurin ɗaukar sauti, ya kafa kamfanin faifai mai suna Ozileka, ya shiga gwaji da na'urorin haɗa sauti na lantarki da na'urar buga ganga. A kan waɗannan ya riƙa ɗora sanza, wato ƙaramin akwati mai harsunan ƙarfe da ake taɓawa da manyan yatsu, da kuma sarewar mafarautan kurmin tsakiyar Afirka, mai sauti ɗaya tak, wadda mai busa ke cike gurbinta da muryarsa. Yana rerawa da Duwala da Faransanci da Ingilishi, sau da yawa cikin barkwanci mai cizo, kamar a waƙarsa La Condition masculine. A shekarun 1990 ya tsara Kasilane domin rukunin Kronos na Amurka, makaɗa huɗu masu kayan tsirkiya dangin goge.

Ya rasu a Paris ranar 28 ga Mayu, 2001. A 2012 aka tattara ayyukansa na lantarki na 1975 zuwa 1982 a faifai guda, sai matasan da ba su riske shi ba suka gano shi.

Tarihinsa ya shafi mai nazarin Hausa kai-tsaye. A yau galibin waƙoƙin Hausa na zamani da fiyano da kwamfuta ake haɗa su, kuma akan ji an danne karin kalma ko an ja gajeren wasali don a biya buƙatar kiɗa. Akan ɗora laifin a kan na'ura. Aikin Bebey ya nuna cewa na'ura tana bin kunnen mai sarrafa ta ne, kuma shi sai da ya saurari harshe da kyau kafin ya taɓa ta.