William Redfern: Fursunan da ya zama likitan fursunoni

An haifi William Redfern a wajajen shekarar 1774, ya kuma shiga rundunar sojan ruwa ta Birtaniya a matsayin mataimakin likita a jirgin Standard. A 1797 ne ma'aikatan jiragen yaƙi suka yi bore a Nore, bakin kogin Thames, saboda ƙarancin albashi da munin abinci. An zarge shi da ba su shawarar su haɗa kansu, aka yanke masa hukuncin kisa. Ƙuruciyarsa ta sa aka sassauta hukuncin zuwa kora daga ƙasa har abada. Bayan shekara huɗu a kurkuku, ya isa Sidni a ƙarshen 1801 cikin jirgin Minorca, ɗaya daga cikin ɗaruruwan masu laifin da Birtaniya ke jibgewa a Ostiraliya.

Da yake likitoci sun yi ƙaranci a sabon matsugunin, aka tura shi tsibirin Norfolk ya riƙa duba marasa lafiya. Gwamna King ya yi masa afuwa a 1803. A 1808 ya koma Sidni, inda likitoci uku suka yi masa jarrabawa suka ba shi takardar shaida, wadda ake ɗauka ita ce ta farko irinta a Ostiraliya.

Babban aikinsa ya zo a 1814. A shekarar, jiragen fursunoni uku, General Hewitt da Three Bees da Surry, suka iso da labarin mace-mace masu yawa a hanya. A Surry kaɗai, zazzaɓin taifus da ƙwarƙwata ke yaɗawa ya kashe fursunoni 36 daga cikin 200, ya haɗa da kyaftin ɗin jirgin. Gwamna Lachlan Macquarie ya umarci Redfern ya bincika musabbabin.

Redfern ya taɓa kwana a irin wannan ƙuncin, don haka ya san inda zai duba. Ya bi adadin waɗanda suka mutu jirgi bayan jirgi, ya alaƙanta shi da yadda aka tafiyar da kowane: kwana nawa aka kulle mutane a ƙasan jirgi ba iska, wane irin abinci da ruwa aka ba su, an wanke tufafi da shimfiɗu ko ba a wanke ba. Rahotonsa ya nemi a riƙa fito da fursunoni sarari su sha iska, a tsaftace ɗakunan, a ba su suturar sanyi. Mafi muhimmanci, ya nemi a sa ƙwararren likitan sojan ruwa a kowane jirgi, mai cin gashin kansa, wanda ba ya ƙarƙashin masu jirgin. Gwamnatin Landan ta karɓi shawarar, kuma daga 1815 mace-mace a tafiyar suka ragu ƙwarai.

Duk da haka tambarin laifi bai bar shi ba. Ya zama likitan iyalin gwamna, yana cikin daraktocin farko na Bankin New South Wales a 1817, amma da kujerar babban likita ta zama babu kowa, aka tsallake shi aka ba James Bowman, duk da goyon bayan Macquarie. Redfern ya ajiye aikin gwamnati a 1819. A 1821 ya tafi Ingila ɗauke da takardar koke ta tsofaffin fursunonin da aka yafe wa, suna neman doka ta amince da cikakken 'yancinsu na mallaka da shigar da ƙara.

Ya rasu a Edinbara a watan Yuli na 1833. Wata unguwa a Sidni, a kan filin da aka taɓa ba shi, tana amsa sunansa har yau.