Mai Wurno: ɗan sarkin da ya kafa gari a bakin Nilu

Yau tarihin Muhammadu Bello Mai Wurno muka kawo muku. Ɗa ne ga Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, wanda ya bar Sakkwato a 1903 da Turawan Ingila suka ci garin, ya ce gara hijira da zama ƙarƙashin Nasara. A Burmi aka kashe shi cikin Yuli na shekarar, tare da mutane da yawa.

Bello ya tattara waɗanda suka tsira, mata da yara da malamai, suka yi gabas a ƙafa, niyyarsu Makka. Wajen 1906 suka sauka bakin kogin Nilu kusa da Sennar, ƙasar Sudan. To kun ji ikon Allah: Turawan da suka guda, su ne dai ke mulki can! Ya zauna, aka share gonaki, gari ya tashi da sunansa, Mai Wurno. A wancan zamanin, alhazan ƙasar Hausa masu tafiyar ƙasa nan suke yada zango, wasu ba su ƙara gaba ba.

Sarautar garin ta zauna a gidansa, jikoki na bin kakanni. A 2024 yaƙin Sudan ya kai jihar Sennar, ya sake tada mutanen yankin daga gidajensu.