Willis McCall, shugaban 'yan sandan da ya harbi fursunoni suna cikin ankwa

A wannan makon za mu waiwayi rayuwar Willis McCall, wanda ya yi shekara 28 yana riƙe da muƙamin sherif, wato shugaban 'yan sandan gunduma da jama'a ke zaɓa, a gundumar Lake ta jihar Filorida a Amurka. An haife shi a 1909, ya ci zaɓe a 1944, zamanin da doka ta raba baƙaƙen fata da farare a makarantu, motocin haya da gidajen abinci.

A wancan lokacin arzikin gundumar lemu ne, kuma galibin masu tsinkarsa baƙaƙen fata ne da ake biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. McCall ya zama karen farautar masu gonaki. Yana kama leburori bisa zargin zaman banza don su koma gona, yana fatattakar masu neman kafa ƙungiyar ƙwadago.

A 1949 wata farar fata ta zargi matasa baƙaƙe huɗu da yi mata fyaɗe kusa da garin Groveland. 'Yan farauta suka kashe Ernest Thomas a daji. Kotu ta yanke wa Samuel Shepherd da Walter Irvin hukuncin kisa, Charles Greenlee ɗan shekara 16 kuma ɗaurin rai da rai. A 1951 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin kisan, ta ce a sake shari'a.

Ranar 6 ga Nuwamba 1951, McCall ya ɗauko Shepherd da Irvin daga kurkuku cikin dare, ya tsaya a hanya ya harbe su alhali suna ɗaure da ankwa ɗaya. Ya ce sun yi yunƙurin tserewa ne. Shepherd ya mutu nan take. Irvin ya yi kamar ya mutu, ya rayu, ya shaida cewa ba su yi wani yunƙuri ba. Duk da haka bincike ya wanke McCall, masu zaɓe kuma suka ci gaba da mayar da shi kujera har sau bakwai jimilla.

A 1972 wani fursuna baƙar fata, Tommy Vickers, ya mutu bayan dukan da aka zargi McCall da yi masa. Gwamna Reubin Askew ya dakatar da shi, masu taimaka wa alƙali, dukkansu farare, suka sallame shi, amma ya faɗi zaɓen shekarar. Ya mutu a 1994 ba a taɓa ɗaure shi ba.

Jihar Filorida ta yi wa matasan huɗu afuwa a 2019, kotu ta wanke su a 2021, lokacin babu ko ɗaya a raye. Abin lura gare mu shi ne, McCall bai yi wannan aika-aika shi kaɗai ba: masu kuɗi sun amfana da shi, masu ƙuri'a sun tsaya masa.